Kujerar naɗi a ɗakin matuƙa: wai da gaske matuƙan jirgi kyauta suke yawo?

Malamin Lakwal: Salamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masu sanin harkar jirgin sama. Ana cewa a Amurka matuƙi zai iya zama da iyalinsa a gari guda, tashar aikinsa kuma tana wani gari mai nisa kamar daga nan zuwa Dakar. In ranar aiki ta zo sai ya je filin jirgi ya shiga jirgin wani kamfani da ba nasu ba, ko dala bai biya ba. Wai har in jirgin ya cika, cikin ɗakin matuƙa ake zaunar da shi. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana yaranmu masu wannan aiki su zauna gida Maradi suna zuwa aiki suna dawowa?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam Mushe. To mi ne na mamaki nan? Mu ma haka munka yi shekara da shekaru. Direba in motarshi ta lalace Konni ko Dogon Dutsi, ya tsaya bakin gudro, duk ɗan uwan da ya biyo shi zai ɗauke shi, ba a maganar kuɗi. In babu wuri ya raɓa gaba kusa da karen mota. Ba ni gishiri in ba ka manda.

Ɗan Bagalam a Amurka: Gaskiya ne Malam, kullum ina ganinsu. A ƙofar shiga jirgi nake aiki. Kafin a fara ɗaukar fasinja sai ka ga mutum da kayan aiki ya zo gefen kanta a hankali, ya miƙo katin kamfaninsa. Mu duba sunansa da hotonsa a kwamfuta, cikin wani tsari da ake kira CASS wanda aka kafa bayan harin 2001, mu tabbatar har yau ma'aikaci ne ba korarre ba. Amma mu ba mu ne masu ba da kujerar ba. Sai ya shiga jirgi ya gaida kyaftin, ya nuna lasisinsa da takardar lafiyarsa, ya roƙa. Kalmar ke nan, roƙo. Kyaftin ya ce a'a, zance ya ƙare, ko da shi mai roƙon ya girme shi da shekara ashirin a aiki. In akwai gurbi a bayan jirgi yawanci can ake tura shi ya zauna cikin fasinja. In an cika maƙil sai ya shiga gaba.

Alhajin Kasuwa: Ita kujerar yaya take? Irin ta manya ce mai kwanciya?

Mataimakin Matuƙi: Alhaji ina fa! Wani ɗan allo ne mai siririyar katifa, a naɗe yake jikin bango bayan kujerun matuƙa biyu. A ƙananan jirage sai an rufe ƙofa ake jawo shi, ya tare hanyar gaba ɗaya, bayanka na jingine da ƙofar, gwiwarka na taɓa na'urorin tsakiya. Bel ɗinsa har kafaɗa, ga abin numfashi a gefe, ga abin sa wa kunne. Awa biyu a kansa ka san ka zauna. Asali ma ba don tafiye-tafiyen ma'aikata aka yi shi ba. Na sufeton hukumar jiragen sama ne, da malamin da ke jarraba matuƙa, da sabon matuƙin da ke koyon hanya. In ɗaya daga cikinsu ya zo, mai neman alfarma sai ya haƙura.

Malamin Lakwal: To kai ɗana, tunda cikin aikin kake, me ya sa sai da Salla muke ganinka, wata Sallar ma ba ma ganinka?

Mataimakin Matuƙi: Malam ai jirgin da za ka roƙi kujerarsa sai ya kasance akwai shi tukuna. Tsakanin manyan biranen Amurka jirage na tashi tun asuba har dare, ka rasa wannan ka jira na gaba. Ni in na sauka aiki a Legas, jirgi zai kawo ni Kano ko Katsina, daga nan sai mota, Jibiya, Ɗan Isa, sannan gida. Wanda ke aiki Yamai kuwa kusan kilomita 660 ne a gabansa, jirgin cikin gida ba kullum ba, in bai dace da shi ba sai kar, yini guda cur. Hutun kwana uku, kwana biyu sun tafi a hanya. Kuma ku tuna 2023, an rufe iyakar Najeriya da Nijar watanni, sararin saman Nijar ma an rufe shi kusan wata guda. Wanda ya dogara da zuwa da dawowa a lokacin da aikinsa ya tafi.

Sannan irin waccan yarjejeniya ta kowa ya ɗauki na kowa, ta cikin ƙasarsu ce. Su ma in jirgi zai ƙetare iyaka, matuƙin wani kamfani ba ya zama gaba, sai dai in akwai gurbi cikin fasinja. Mu kuwa nan yankin kusan duk tafiyar kirki ƙetare iyaka ce.

Baba Mai Ritaya: Ku dakata, kuna haɗa abu uku wuri guda. Na yi shekaru a kantar sayar da tikiti a Yamai, bari in raba muku. Na farko, kamfani ne da kansa ya aiki ma'aikaci wani gari don ya ɗauko jirgi. Wannan yana bakin aiki, ana biyansa, kujerarsa tabbatacciya ce, ko fasinja mai kuɗi sai a sauke dominsa. Na biyu ita ce kujerar da kuke magana, ta kumandan ce, wato kyaftin, ya ba wanda doka ta yarda. Na uku tikitin rangwame na ma'aikata da iyalansu, wanda mu a zamaninmu GP muke ce masa. Shi ne wanda mutanen gari ke gani su ce ma'aikatan jirgi kyauta suke yawo.

Ɗan Bagalam a Amurka: Na farkon nan da Baba ya faɗa shi ne ya jawo abin kunyar Chicago a watan Afrilun 2017, da aka ja wani likita a ƙasa aka fitar da shi daga jirgin United mai zuwa Louisville. Ma'aikata huɗu ake son a zaunar don su je su ɗauko jirgi washegari. Mutane da yawa sun ɗauka ma'aikata ne masu yawon banza aka fifita a kan mai kuɗinsa.

Alhajin Kasuwa: Ni na ukun nan ya fi ja mini hankali. Baba, in ɗan ƙanena ya samu aikin jirgi, ke nan Dubai da Guangzhou sun zama kamar zuwa Jibiya?

Maman Tagwaye: Alhaji bari ni in amsa maka, don ni ke shan wahalarsa. Maigidana makanikin jirgi ne, muna da wannan tikiti. Da farko ba kyauta ba ne. Ana yafe maka mafi yawan kuɗin kujera, wani har kashi 90 cikin 100, amma harajin filin jirgi da sauran tarkace sai ka biya su cif, kuma kowa ya san a Afirka ta Yamma harajin ba ƙarami ba ne. Na biyu, ba ka da kujera. Sunanka na cikin jerin masu jira. Sai duk mai cikakken tikiti ya shiga, an kusa rufe ƙofa, sannan a fara kiran sunaye, kuma ma'aikatan kamfanin mai jirgin ne gaba, mu na wani kamfani muna can ƙarshe. Na taɓa kwana a kujerun ƙarfe na wani filin jirgi da tagwaye suna rarrafe, madararsu ta ƙare, jakarmu kuma an riga an karɓa an yi ciki da ita. Jirgi ya tashi muna kallo, na biyu ya tashi muna kallo. Wata mai shara ce ta kawo mini ruwan zafi a kofin roba. Dangi a Maradi kuwa suna cewa ai su wance sun huta, jirgi kamar motar gidansu.

Alhajin Kasuwa: Subhanallahi. To ai wannan zaman tsammanin warabbuka ne.

Baba Mai Ritaya: Kuma Alhaji kai ba ka ma cikin lissafi, ka yi haƙuri. Mata ko miji, ƴaƴa har wasu shekaru, iyaye. Wasu kamfanoni na ba da ƴan tikiti kaɗan na aboki. An haramta yin fatauci da shi, an haramta sayar da shi. Aka kama, ba kai za a hukunta ba, yaron ne zai rasa alfarmar, wani lokaci har aikin. Tsakanin kamfanoni kuma akwai yarjejeniyar da ake kira ZED tun 1994, farashi gwargwadon nisan tafiya, amma sai in kamfaninku ya sa hannu da wancan. Ba kowa da kowa ba.

Tunda an taɓo nan, bari in faɗi abin da ke raina. Air Afrique an kafa shi 1961, Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa shi, ya durƙushe 2002. Bashin jirage da katsalandan ɗin gwamnatoci su ne manya, amma duk wanda ya yi aiki a filin jirgi a zamanin ya san maganar kujerun da manya da ƴan uwan manya ke cikawa ba biya. Shi ya sa in na ji matasa na cewa a buɗe alfarma kowa ya ɗauki na kowa, gabana ke faɗuwa. A wurinmu in an ce ma'aikaci, gobe surukin ma'aikaci ne, jibi malaminsa.

Tsohon Direba: Baba wannan gaskiya ce. Mu ma abin da ya ɓata shi ke nan, kowa ya zo ya ce shi direba ne.

Ungozoma: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Ina aikin dare a ɗakin haihuwa, na san abin da rashin barci ke yi wa hannu da ido. Wanda ya kwana a kan wancan allo da ɗana ya kwatanta, ya sauka da asuba, sannan ya ɗauki rayukan mutane ya tashi da su, wa ke duba ko ya yi barci?

Ɗan Bagalam a Amurka: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Ranar 12 ga Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya taso daga Newark ya faɗi kan wani gida kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu, har da mutum guda a cikin gidan. Mataimakiyar matuƙin a wajen Seattle take zaune, can ɗaya ƙarshen ƙasar, kusan kilomita 3,900. Daren da ya gabata a jiragen dakon kaya ta kwana, ta sauka Memphis tsakar dare, ta sake shiga wani ta iso Newark da sassafe, ta ɗan kishingiɗa a kujerar ɗakin ma'aikata. Kyaftin ɗin daga Florida yake zuwa, shi ma a wannan ɗakin ya kwana. Da masu bincike suka duba, cikin matuƙa 137 na kamfanin da ke tashar Newark, 93 daga wasu garuruwa suke zuwa. Albashinta a shekara bai wuce wajen dala dubu 16 na Amurka ba. Da wannan kuɗin wa zai kama haya a gefen New York?

Mataimakin Matuƙi: Yaya, a faɗi sauran don adalci. Hukumar binciken ba ta ce gajiya ce ta kayar da jirgin ba. Ta ce gudun jirgin ya ragu ba su lura ba, da na'urar gargaɗi ta girgiza sitiyari sai kyaftin ya ja baya maimakon ya tura gaba. Sun ce mai yiwuwa gajiya ta rage musu kuzari, amma ba su iya auna iyakarta ba.

Ungozoma: Ɗana, ai barci ba ya barin sawu. Ni ma in na sa allura ba daidai ba ƙarfe huɗu na asuba, a takarda za a rubuta kuskuren allura ne. Ba wanda zai rubuta cewa tun jiya ban runtsa ba.

Malamin Lakwal: To bayan wannan ba a hana ba?

Ɗan Bagalam a Amurka: Ba a hana ba Malam. An sauya wasu dokoki. Daga 2013 sai mai awa 1,500 a sama ake ɗauka mataimaki a kamfanonin fasinja, in ban da ƴan rangwame ga tsoffin sojoji da masu digirin fannin. Daga Janairun 2014 hutu kafin aiki ya zama aƙalla awa 10, da damar barcin awa 8 a ciki, kuma matuƙi na sa hannu cewa ya huta kafin ya tashi. Amma yadda ya zo daga gidansa, wannan an bar masa. Lokacin hutunsa ne, nasa ne.

Kuma ku gane, ba jin daɗi ke sa su ba. A can komai na matuƙi da lambar daɗewa yake tafiya: tashar da zai zauna, jirgin da zai tuƙa, ranar hutunsa. Sabo ana jefa shi tashar da ba wanda ke so, galibi mai tsadar haya. In ya bar kamfani ya koma wani, daga ƙasa zai faro ko ya shekara ashirin. Ga kamfanoni na rage tashoshi, kamar yadda Delta ta yi wa Memphis a 2013, United ta yi wa Cleveland a 2014. Mutum ya gina gida, yara na makaranta, matarsa na aiki, a ce ya kwashe? Sai ya zaɓi hanya. Akwai unguwa a Queens ta birnin New York, Kew Gardens, cike take da gidajen da ma'aikatan jirgi ke haɗa kuɗi su kama, gadaje masu hawa biyu a jere, wani gadon ma wanda ya riga zuwa shi ke kwanciya. Na shiga ɗaya, takalma a bakin ƙofa kamar masallacin Juma'a, kowa na magana ƙasa ƙasa don wani na barci da rana tsaka.

Ungozoma: Ka ji ko. Sa hannu cewa na huta! Wane yaro ne sabon ɗauka zai ce wa kamfani ban huta ba?

Mataimakin Matuƙi: Ana faɗa Hajiya, ni na ga an faɗa. Amma ba zan yi miki musu ba, da nauyi a baki.

Alhajin Kasuwa: Ni kuma a matsayina na fasinja, ba na son kowa a ɗakin nan sai su biyun. Ƙofar da aka ce ko harsashi ba ya huda ta, sai kuma a buɗe wa baƙo?

Mataimakin Matuƙi: Alhaji abin na da fuska biyu, kuma kowace da shaidarta. A 1994 wani ma'aikacin FedEx da ya shiga jirgin kayansu a Memphis a matsayin mai neman alfarma ya ɓoye guduma cikin jakar gita, ya far wa matuƙa uku bayan an tashi. Sun sauke jirgin da jini a jikinsu, amma raunukan sun raba su da aikin tuƙi. A Oktoban 2023 wani matuƙin kamfanin Alaska Airlines da ke kan wannan kujera a jirgin kamfanin Horizon ya kai hannu zai kashe injuna biyu, aka riƙe shi, aka karkata zuwa Portland. Ya faɗa wa ƴan sanda ya yi wajen awa 40 bai yi barci ba.

Ɗaya fuskar kuma, a Oktoban 2018 jirgin Lion Air ƙirar 737 MAX ya taso daga Bali zuwa Jakarta, na'ura ta riƙa danna hancinsa ƙasa. Matuƙi na uku da ke zaune a kujerar naɗi shi ya gano, ya ce a kashe makunnin. Suka sauka lafiya. Washegari wannan jirgin dai, da wasu matuƙa, ba na uku, ya faɗa teku da mutum 189. Haka a 1989 jirgin United ƙirar DC-10 da ya rasa duk hanyoyin sarrafa shi, wani malamin matuƙa da ke cikin fasinja ya shigo ya durƙusa yana sarrafa injuna da hannu har Sioux City. Cikin mutum 296, 184 sun rayu. Shi ya sa wanda ke kan kujerar nan ba baƙo ake ɗaukarsa ba. Ba ya shan giya, ba ya surutu in ana ƙasa da ƙafa dubu 10, kunnensa na kan rediyo, in ya ga abu dole ya faɗa.

Alhajin Kasuwa: Na ji, amma biyu da biyu ka kawo, ba ka raba gardamar ba.

Mataimakin Matuƙi: Ai ban ce zan raba ba Alhaji. Ni dai in ina tuƙi na fi son ido shida a kan ido huɗu, muddin na san mai idon.

Baba Mai Ritaya: Kalmar ke nan, muddin ka san shi. Su can kwamfuta ke faɗa musu mutum na aiki ko an kore shi jiya. Mu nan in wani ya zo da kaki da kati daga wata ƙasa, wa za ka tambaya ƙarfe biyar na asuba? Muna da ASECNA tun 1959 tana haɗa sararin saman ƙasashe da yawa, makarantarta EAMAC tana nan Yamai tana yaye masu kula da zirga-zirgar jirage, amma rajista guda ta matuƙan yankin da kowane kamfani zai duba nan take, wannan wani aiki ne daban. Kafin a yi ta, ni ina bayan kumandan da ya ce a'a.

Tsohon Direba: Baba kai dai ka cika tsauri. Da haka munka yi da ba wanda ya kai gida.

Baba Mai Ritaya: Kai in baƙonka ya yi hauka sai ka taka birki ka sauke shi a Gidan Rumji.

Malamin Lakwal: Hahaha. To Maman Tagwaye, ƴata na shirin auren wani ma'aikacin jirgi, me zan faɗa mata game da tikitin nan?

Maman Tagwaye: Allah ya sanya alheri Malam. Ka ce mata kar ta taɓa dogara da shi in biki ne ko rasuwa ko ganin likita, ta sayi cikakke. Ta guji lokacin Salla, da Umarar azumi, da hutun lakwal, da ƙarshen Disamba. Tsakiyar mako ya fi, jirgin farko na safe ya fi. Jakar hannu kawai in za ta iya, maganin yara da abincinsu a jikinta. Ta sa tufafi na mutunci, don wasu kamfanoni na mayar da mai tikitin ma'aikata saboda shiga. Kar ta ɗaga murya a kanta ko an tsallake sunanta, rahoto kan mijinta zai je. Kuma ta riƙe kuɗin tikitin dawowa a lalitarta, ta duba bizar ƙasar da za a yada zango ko da ba ta da niyyar fita filin jirgi.

Alhajin Kasuwa: To in za ta Dubai ko ƴar jaka guda ba za ta riƙo mini ba? Turare ne kawai da atamfa.

Maman Tagwaye: Alhaji ka kai wa masu kargo, kilo nawa ne su faɗa maka kuɗinsa.